Daga Bakin Teku Zuwa Gidan Waya: Matakan da Na Bi Wajen Haɗa Kayan Ado da Hannu

Tun da na fara sayar da abin wuya, abin hannu da 'yan kunne waɗanda nake haɗawa da kaina daga gutsattsarin kwalba da ɓawon katantanwa da nake tsinta a bakin teku, a unguwar Nima ta birnin Accra, 'yan'uwa mata da dama sun tambaye ni ta ina ake shiga wannan sana'a, kuma yawancinsu sun ɗauka cewa tunda teku ba ta karɓar ko kwabo a kan abin da ta watso, jarin ba wani abin a zo a gani ba ne. Zan jera matakan yadda na bi su, tun daga tsintar kaya a gaɓa har zuwa miƙa ƙunshi a gidan waya, domin a wannan aiki kowane mataki shi ne yake faɗa wa mutum abin da zai saya a na gaba, kuma wadda ta fara da kasuwa kafin ta iya huda za ta tara duwatsun da ba za su zauna da juna a zare ɗaya ba. Bayanin ofisoshi da takardu na Ghana ne, amma aikin hannun ɗaya ne ga mai zaune a Legas, Kwatano ko Lome.

Abu na farko da na koya ba shi da alaƙa da ado, lissafin ruwa ne. Teku takan cika sau biyu ta janye sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa kimanin awa shida, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 daga yau zuwa gobe, don haka wadda ta sami gaɓa a buɗe da ƙarfe bakwai na safe a wannan makon za ta tarar da ruwa ya rufe wurin idan ta koma a daidai wannan lokaci bayan 'yan kwanaki. Janyewa mafi nisa tana zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kuma kusa da daren sha huɗu, wato mai bin lissafin watan Musulunci tana da jadawalinta a hannu tun kafin ta duba waya. Na fi son ranar Talata, saboda a yawancin garuruwan gaɓar Ghana masunta ba sa shiga teku a ranar, wurin ba ya cika da jan taru da hayaniyar masu sayen kifi, kuma mutanen suna zaune suna ɗinkin taru, suna da lokacin amsa gaisuwa da nuna wa baƙo inda igiyar ruwa take jan mutum ciki. Gaisuwar nan wajibi ce, gaɓar wurin neman abincinsu ce. Nakan tafi da takalmi mai kaurin ƙasa da safar hannu, musamman bayan ruwan damina na watannin Mayu da Yuni, lokacin da magudanai suke kwaso tarkacen gari har da allurai da gwangwanaye su zube a bakin teku.

Ba duk abin da ya yi kyau a jiƙe ne yake da amfani ba. Gutsuren kwalbar da ake nema shi ne wanda yashi da gishiri suka shafe shekaru masu yawa suna gogawa har ƙyallinsa ya dushe, ya yi hazo-hazo, gefensa ya daina yanka. Wanda har yanzu yake sheƙi ko yake da kaifi sai a mayar da shi ruwa. Kore da ruwan ƙasa da fari su ne suka fi yawa, shuɗi kuwa sai an dace, ja kuma ya fi shi wuya. A ɓangaren ɓawo, na fi ɗaukar mai kauri, kuma akwai waɗanda ake samu da 'yar huda zagayayya tsaf kusa da gindinsu, wadda wata irin katantanwar teku mai cin 'yan'uwanta ta yi, to waɗannan sun rage wa mutum aiki. Duk katantanwar da na ɗaga na ji nauyi ko na ga ƙafafun ƙaguwa a ciki, ajiye ta nake yi, domin mai rai ce, kuma ko an kai ta gida wari kawai za ta yi. Wuri kuma, wanda kowa yake zaton a nan ake tsintarsa, a kasuwa ake sayen yawancinsa, saboda wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tekun Indiya aka riƙa kawo shi, daga tsibiran Maldives da gaɓar gabashin Afirka. Na taɓa zuwa har Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482, saboda tsofaffin garuruwan ciniki sun fi ba da tsohuwar kwalba da gutsattsarin tangaran. A can ne wani dattijo ya ja kunnena cewa abin da ruwa ya watso a fili daban, tono a kusa da ganuwa daban, kuma duk abin da ya yi kama da kayan tarihi yana da dokarsa. Maganarsa ta yi mini amfani daga baya.

Wanki ba shi da wahala, sai dai yana son haƙuri. Nakan jiƙa komai a ruwan daɗi ina canjawa har gishirin ya fita, sannan in sa ɓawo a ruwan bilic da aka surka da ruwa na ɗan lokaci domin ya kashe wari ya cire dattin da ya manne, in goge da tsohon buroshin haƙori, in shanya a inuwa. Wasu sun ba ni shawarar ruwan khal, amma ɓawo sinadarinsa ɗaya da alli, tsami yana cinye shi ya bar shi fari fat ba launi. Khal ya dace da kwalba kaɗai. Bayan ya bushe, ɗigon man jarirai a tsumma yana dawo wa ɓawo da launin da na gani a bakin ruwa.

Huda ita ce ta fi cin lokacina, kuma ita ce ainihin sana'ar. Na yi ta tambaya ina samun amsoshi masu karo da juna, wannan ya ce ƙusa mai zafi, wancan ya ce injin kafinta, har aka haɗa ni da wani dattijon maƙerin azurfa a zango. Na kai masa gaisuwa da goro, na zauna a bencinsa ina jira ya gama wani zobe, sannan ya juye kayan nawa a faranti ya ware su gida biyu. Ya ce, "'Yata, wannan ba a huda shi, cin sa ake yi a hankali." Na ce, "To Baba, da me ake ci?" Sai ya nuna mini siririn bakin huda mai ƙurar daimon a kansa, wanda ba ya yanka kamar na katako, goga yake yi. Bisa shawararsa na sayi ƙaramin injin hannu mai batir a shagunan kayan aiki da ke kewayen kasuwar Makola ta Accra, a kan sidi 450 na kuɗin Ghana a lokacin, da fakitin bakuna masu kaurin milimita 1 zuwa 2 a kan kusan sidi 80, kuma waɗannan biyun sun cinye fiye da rabin jarin da na ware. Ya zaɓa mini mai batir ne saboda a cikin ruwa ake aikin. Ana samun roba marar zurfi, a sa guntun katako ko soso mai tauri a ƙasa, a ɗora kwalbar, a zuba ruwa har ya ɗan rufe ta. Ruwan yana sanyaya bakin hudar, yana kuma riƙe ƙurar, domin ƙurar kwalba da ta ɓawo duka suna cutar da huhu. Ana farawa da bakin a karkace har ya yi ɗan gurbi, sannan a miƙe shi, a riƙa ɗagawa ana saukewa domin ruwa ya shiga, ba tare da dannawa ba. Idan an kai rabi sai a juya a huda ta ɗaya gefen har ramukan su haɗu, saboda idan aka fasa ta gefe ɗaya bayan yakan ɓalle. Dattijon ya hana ni taɓa kyawawan gutsattsarina har sai da na yi makonni ina koyo a kan fasassun kwalaben lemo da ɓawon da ba na so. Ranar da na fara jin bakin ya faɗa ta cikin wata koriyar kwalba ba tare da ta tsage ba, sai da na ajiye injin saboda hannuna yana rawa. Har yanzu wasu suna fashewa, musamman ɓawo mai sirara da kwalbar da take da tsohuwar tsaga a ciki, don haka abin da na ga ba zai jure ba, ko shuɗin da nake tsoron asararsa, nakan naɗe shi da waya mai kaurin milimita 0.8 in yi masa 'yar ƙugiya a sama maimakon huda.

Sai da na tara abin da na huda, na san faɗin ramukansu da nauyinsu da launinsu, sannan na nufi Koforidua, inda kasuwar duwatsun ado take ci kowace Alhamis. Na hau mota daga tashar Madina da sassafe, bayan jiran da aka saba yi kafin mota ta cika, tafiyar kuma wajen awa biyu ce ta kan tsaunukan Akuapem. Na tafi da 'yan samfura a ƙaramar jaka da guntun wayar da zan yi aiki da ita, kuma wannan ya raba ni da ruɗewa, domin idan mutum ya shiga ya ga tebur bayan tebur na launuka, komai sai ya ba shi sha'awa. Duk zaren da ya burge ni sai in ɗora samfurina a kansa in fita da shi rana, in kuma zura wayar in gani. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yawancin masu sayar da tsofaffin duwatsu Hausawa ne, ciniki da harshenmu aka yi. Wani Alhaji ya zaunar da ni ya nuna mini bambancin tsohon dutsen da aka kawo daga Venice ta Italiya a zamanin cinikin Turawa da sabon kwaikwayonsa: tsohon bakin raminsa ya side saboda daɗewa a zare, jikinsa yana da 'yan tabo, sabon kuwa duk ƙwayoyinsa kansu ɗaya. Ban sayi tsoho ba a ranar, tsadarsa ta fi ƙarfina. Na sayi na Krobo, wato waɗanda mutanen yankin Krobo suke yi da garin kwalba, zare ɗaya tsakanin sidi 15 zuwa 40 gwargwadon girma da zane, da jajayen duwatsun da ake sassaƙawa a ƙauyen Abompe daga dutsen bauxite, wanda ake samun alminiyom daga gare shi, da 'yan ƙwayoyin tagulla na zubi da ake yi a wajen Kumasi domin raba tsakani.

Daga baya na je yankin Krobo da kaina, kasuwar Agomanya da ke ci Laraba da Asabar, na kuma roƙi wani mai aikin ya bar ni in kalli yadda ake yi, na ba shi ɗan abin goro. Kwalabe ake wankewa a ware su launi-launi, a daka a turmi, a tankaɗe, a zuba garin a mazubin yumɓu mai ramuka, a tsaya da siririn karan ganyen rogo a tsakiyar kowane rami. Idan aka sa a tanderun da aka gina da ƙasar shuri, karan yana ƙonewa ya bar huda, garin kuma ya narke ya haɗe. Bayan ya huce sai a goge ƙwayoyin da yashi da ruwa a kan dutse. Wannan kallo ya bayyana mini abin da ya sa ramin dutsen Krobo yake da faɗi da kaushi a ciki, yana cin zaren auduga yana kuma lilo a siririyar waya, sai an cike shi da ƙananan duwatsu ko an yi amfani da igiya mai kauri. Masu karatu a Najeriya suna da makamancin wannan a Bida, wurin Masaga masu aikin kwalba, kasuwar Kurmi ta Kano kuma ba ta rasa tsakiya da murjani.

Duwatsu masu daraja su ne wurin da kuɗi ya fi saurin salwanta. Na tsaya a kan aƙiƙ da amatis da ganet, waɗanda ake samu a huje a zare, domin huda su da injin irin nawa ɓata baki ne kawai: a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, aƙiƙ yana wajen 7, kwalba 5.5, ɓawo kuwa 3 da ɗan wani abu. Gwajin da nake yi a gaban mai kaya ba shi da yawa. Dutse na gaske yana da sanyi idan aka ɗora a kunci kuma ba ya saurin ɗaukar ɗumi. Kwalbar da aka yi wa launi takan nuna 'yan kumfa a ciki idan aka ɗaga ta a rana. Wanda aka rina launinsa yakan taru a tsaga da bakin rami, kuma auduga da ruwan goge jan farce tana fito da shi. Yawancin abin da ake kira murjani da arha rinanne ne ko roba, shuɗin dutsen da ake cewa firuza kuma sau da yawa wani farin dutse ne aka tsoma a rini. Ba laifi ba ne a yi ado da su, laifin shi ne a saya da kuɗin na gaske ko a sayar da sunansa. Mai kayan da ya ƙi a gwada, nakan yi masa godiya in wuce.

Wajen haɗawa, nakan shimfiɗa tawul in jera komai kafin in zura ko ƙwaya ɗaya, abin da na tsinto a tsakiya, sauran suna bin launinsa. Bambancin taurin nan yana da amfani a nan ma, domin aƙiƙ da ya jingina da ɓawo zai goge shi cikin 'yan watanni, sai an sa ƙulli ko ƙaramar tagulla a tsakani. Abin wuya na yau da kullum santimita 42 zuwa 45 ne, na hannu wajen 18, kuma ga kaya masu nauyi ina amfani da wayar ƙarfe mai rufin roba wadda ake matse bakinta da filaya. Jan ƙarfe yana sa fata ta yi kore a zafi da gumi irin na Accra, maƙalai masu arha kuma sukan ƙunshi nikel da ke sa wa wasu ƙaiƙayi, don haka ƙugiyar 'yan kunne azurfa mai lamba 925 nake sa wa, kuma wurin dattijon nan nake kai aikin. Duk sabon fasali sai na sa shi a jikina na yi aikin gida da shi kafin in sayar, saboda a nan ake gane wanda yake kama mayafi ko yake jan kunne.

Maganar takardu ta taso ne lokacin da wani shago ya ce ba zai karɓi kayana ba sai da takardar farashi da asusun banki mai sunan sana'a. Na je ofishin rajistar kamfanoni na Accra domin rajistar sunan kasuwanci na mutum ɗaya. An fara duba ko wani ya riga ni sunan, shi ya sa yana da kyau a tafi da suna biyu ko uku a rubuce. Na cike fom, na ba da kwafin Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, wadda lambarta ce ta zama lambar haraji tun 2021, da lambar adireshin gidanmu ta tsarin gidan waya, wato GhanaPost GPS, na biya kuɗin a wurin biya na karɓi rasit, aka ce in dawo. Wanda ya isa da safe da kwafin komai a hannu zai rage wa kansa zama a layi. Na koma na karɓi satifiket, wanda ake sabuntawa duk shekara, kuma da shi na buɗe asusun.

Aika kaya waje ya zo da nasa matakan. Wata 'yar'uwa a Amurka ta nemi in tura mata wasu domin ta sayar, a nan ne maganar dattijon Elmina ta dawo. Dokar gidan tarihi ta 1969 ta hana fitar da kayan tarihi daga Ghana ba tare da izini ba, don haka na ɗauki kayan zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke Adabraka, jami'in hukumar ya duba su ɗaya bayan ɗaya, na biya ɗan kuɗi, aka ba ni takardar da ke nuna sababbin aikin hannu ne. Gabana ya ɗan faɗi da ya tsaya a kan wani gutsuren tangaran, amma ya mayar da shi cikin sauran. A gidan waya ba a rufe ƙunshi sai an duba, kuma a fom ɗin kwastan ana rubuta abin da kowane kaya ya ƙunsa da ƙimarsa. Ɓawo da wuri a Amurka kayan halittun daji ne a idon hukuma, mai shigo da su domin sayarwa sai ya bayyana su ga hukumar kula da kifi da namun daji, yarjejeniyar CITES ta 1973, ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma ta sa takunkumi a kan baƙin murjani da wasu manyan ɓawo, ta haramta cinikin ƙoƙon kunkurun teku. Da muka auna wahalar, sai muka cire duk mai ɓawo daga ƙunshin, muka aika na kwalbar teku da duwatsun Krobo da aƙiƙ kaɗai.

Ga mai shirin farawa, shawarata ita ce ta sa kuɗinta na farko a injin huda da bakuna, ta jinkirta sayen duwatsu masu daraja har sai hannunta ya faɗa, kada kuma ta je kasuwa ba samfuri da waya a jaka. Ta san wa za ta sayar wa tun kafin ta haɗa: a zango akwai matan da ba sa son wuri a jikinsu saboda yana tuna musu da masu duba da bori, alhali baƙi masu yawon buɗe ido shi suka fi nema, don haka nakan yi fasali ɗaya iri biyu. Wajen sa farashi kuma, abin da aka tsinta kyauta yana da kuɗinsa, wato kuɗin mota zuwa gaɓa, bakunan hudar da suke dakushewa bayan 'yan ramuka, ƙwayoyin da suka fashe, da awannin da aka yi a sunkuye a kan robar ruwa. Ni nakan rubuta waɗannan a littafi ga kowane abin wuya, in haɗa da kuɗin duwatsu da azurfa, sannan in ɗora riba. Kowane kaya yana tafiya da 'yar takarda mai faɗin gaɓar da aka tsinci abin tsakiyarsa, wane dutse ne na gaske wane ne rinanne, da gargaɗin a cire shi kafin wanka, kada turare ya taɓa ɓawon, kada kuma a bar amatis a rana domin launinsa yana koɗewa.